Butar Si Bu'azza da Haɓar Gizlan

A gidan Si Bu'azza ba a tambayar mutum sukari nawa yake so. A buta ake zubawa, tare da ganyen shayi da na'a-na'a, a dafa gaba ɗaya, abin da ya fito shi kowa zai sha. Haka ake yi a duk birnin Maknas, amma Si Bu'azza yana yi ne kamar shi ya ƙirƙiro.

Tun da ya ajiye tuƙin bas, shayi ya zama ofishinsa. Da an idar da la'asar zai zauna gaban tire, ya naɗe hannun jallabiya, ya ɗauki 'yar guduma ya fasa dunƙulen sukari, ya zaɓi gutsuren da ya kusa rabin sabulu ya cusa a buta. Sannan ya ɗaga hannu sama ya tsiyaya, har kumfa ta hau kan kofi ta zauna. Yana yi yana bayani. Matarsa Lalla Zuhur ta haddace bayanin tun kafin a haifi 'yarsu Gizlan, ita kuma Gizlan ta haddace tun kafin ta iya ɗaura takalmi. Abin alfaharinsa ɗaya ne, kuma babu baƙon da ya taɓa fita bai ji ba: ba a taɓa barin ragowa a kofinsa ba.

Gizlan tana ƙulla maɓallan zare na kaftani, tana kai wa wani shago a tsohuwar kasuwa. Aiki ne na zama, mutum yana yi yana tunanin duniya. Abin da ta fi tunani a shekarar nan shi ne jikinta. Al'adarta takan zo ne lokacin da ta ga dama, kamar bas ɗin da babanta ya tuƙa. Gashi kuma ya fara leƙowa a haɓarta ba tare da an gayyace shi ba. Da safe ta cire da hantsaki, kafin jibi ya dawo da 'yan'uwansa.

Mamanta ce ta raka ta wajen likitar mata. Likitar ta shafa mata wani abu mai sanyi a mara, ta nuna mata hoto a allo: wasu 'yan ɗigo-ɗigo sun jeru a gidan ƙwai kamar carbi. Ta ce abin yana samun mata da yawa, ba na mutuwa ba ne, sinadarin maza ne ya ɗan yi yawa a jikinta.

"Shi ya sa nake son gardama," in ji Gizlan.

Likitar ba ta yi dariya ba. Ta rubuta ƙwayoyi, ta ce a riƙa tafiya a ƙafa, ta ce a rage sukari sosai.

"Har na shayi?"

"Kofi nawa kike sha a rana?"

"Na gida kawai, ko har da na maƙwabta?"

Likitar ta cire tabarau ta ajiye a tebur. Lalla Zuhur ta kalli silin.

Labari bai kwana biyu ba ya isa Kazablanka, domin Lalla Zuhur ta gaya wa ƙanwarta a asirce, ita kuma ta gaya wa 'yarta Lubna a asirce. Lubna tana koya wa mata yadda za su zauna lafiya da jikinsu, ta waya, cikin fararen kaya. Idan tana son a yarda da ita sai ta juya Faransanci. Ta iso Maknas da wani ɗan kwali mai hoton wata mata tana dariya ita kaɗai a tsakiyar gona. Gizlan ta daɗe tana kallon hoton, ba ta gano abin da ke ba matar dariya ba.

"Daga Paris aka kawo," in ji Lubna, ta rufe ƙofar ɗaki. "Sau biyu a rana. Yana kwantar da sinadarin nan, gashin ya ragu."

Gizlan ta yaga ɗaya daga 'yan jakunkunan takardar ta shinshina. "Na'a-na'a ce."

"Ba irin wadda kika sani ba."

"Lubna, a Maknas nake. Mai kayan miya kyauta yake ɗora min ita a kan tumatir."

"Wannan cikin nutsuwa aka busar da ita."

"Tamu kuma da faɗa ake tsinkar ta?"

"Ke dai ba kya ɗaukar komai da muhimmanci."

"In da na'a-na'a na hana gemu, ai da babu mai gemu a ƙasar nan. Dubi Baba. Shi kaɗai ya sha gona guda."

"Sukarin ne ke ɓata komai," in ji Lubna, sannan ta sake faɗa da Faransanci don ya zauna. "Ita kaɗai za ki sha. Ba ganyen shayi, ba sukari."

Da Gizlan ta koma wajen likita ta tambaye ta. Likitar ta ce an yi 'yan gwaje-gwaje ƙanana, wasu matan sun ce gashin ya ragu kaɗan, a hankali. Ta ce ta sha in tana so, amma kada ta bar ƙwayoyinta, kuma maganar sukari tana nan daram. Wato Lubna ta yi gaskiya rabi, abin da ya ɓata wa Gizlan rai fiye da ciwon.

Shan na'a-na'a ba wahala. Wahalar tana zaune gaban tire bayan la'asar, ta naɗe hannun jallabiya.

Ranar farko Gizlan ta karɓi kofi, ta taɓa shi da leɓe, ta ajiye. Si Bu'azza yana cikin bayanin kumfa ya tsaya a tsakiyar magana. Ya kalli kofin, ya kalli 'yarsa.

"Zafi ne?"

"Haƙori ne, Baba."

"Shayi ai maganin haƙori ne."

Ta sake taɓawa da leɓe. Ya ga ruwan bai sauka ba ko kaɗan. Bayanin ranar ya gajarta.

Ga inda gizo ke saƙar: Gizlan ba za ta iya gaya masa dalili ba. A gidan nan ba a kawo maganar jikin mace gaban uba. Ko tallan audugar mata ya fito a talabijin, Si Bu'azza yakan tuna yana da abin dubawa a tsakar gida. Ta roƙi mamanta ta faɗa masa.

"Ni?" in ji Lalla Zuhur tana murza kuskus. "Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa furta kalmar al'ada a gabansa ba. In ce masa yau ba na salla, ya ce to, shi ke nan hirar. Cikinki ma da nake ɗauke da shi, maƙwabciya ce ta gaya masa."

"To ki ce masa ciwon sukari ne."

"In ja miki ciwon da ba ki da shi? Gobe ya shelanta a masallaci a yi miki addu'a. Ki dai san yadda za ki yi, 'yar nan."

Shi kuwa Si Bu'azza ya yi nasa binciken, ya kuma gano matsalar. Idan mutum ya bar shayi, dalili ɗaya ne a duniya: bai ji sukari ba. Washegari ya ƙara gutsure. Gizlan ta taɓa da leɓe, leɓen ya manne da kofi. Kashegari ya sake ƙarawa. Lalla Zuhur ta sha nata ta ce idonta na ganin taurari. Kofin Gizlan ya koma tire a cike.

Daga nan ya shiga neman mai laifi. Ya fara da mai na'a-na'ar bakin ƙofar kasuwa, wanda suke tare tun suna samari, ya ce masa ganyensa ya fara warin taki, ya koma saye wajen wani. Ya ce ruwan famfo ya canza, ya ɗauki jarka ya tafi wata maɓuɓɓuga a bayan gari, ya dawo da ciwon baya. Da duk wannan bai yi ba, ya buɗe murfin buta ya leƙa ciki ya daɗe, sannan ya ɗago a hankali.

"Zuhur. Kin sa wa butar nan sabulu?"

A Maknas za ka iya tambayar mace shekarunta ta yafe maka. Baƙin dafin shayin da ke manne a cikin buta shekaru ake yi ana tara shi, kuma mai hankali ba ya kai masa sabulu. Lalla Zuhur ta ajiye abin da ke hannunta.

"Ni? Ni da uwata ta koya min riƙe buta tun kana bin bas a guje kana kiran fasinja?"

"Tambaya na yi."

"To ga amsa: a'a. Kuma yau ka ci abinci a wajen butar."

Kafin dare ya yi ta tsare Gizlan a kicin. "Kin ga abin da haɓarki ta ja min?"

Duk wannan lokacin Gizlan tana shan maganinta a ɓoye. Takan hau soro da hantsi, wai shanya, ta kunna ɗan murhun gas a bayan tankin ruwa, ta jefa jakar Lubna ɗaya a kofi. Tana amfani da na Paris ɗin ne kawai don in ta taɓa ɗanyar na'a-na'ar gida babanta zai gane, domin ya san damin nan reshe-reshe. Ɗanɗanon kamar an wanke ciyawa an ba ka ruwan. Tana sha tana kallon rufin maƙwabta, tana shafa haɓa ko an samu labari.

A nan babanta ya same ta. Ya hau ne ya duba tankin, saboda yanzu zarginsa ya koma kan tanki. Ya ga murhu, ya ga kofi, ya ga zare na lilo a bakin kofin da 'yar takarda a ƙarshensa. Ya ɗauki kwalin ya kalli matar da ke dariya a gona.

"Mene ne wannan?"

"Shayi ne, Baba."

"A cikin jaka."

"E."

"Da igiya."

"E."

Ya ajiye kwalin daidai inda ya ɗauka, har ya gyara masa zama. Gizlan ta so ya yi faɗa. Faɗan Si Bu'azza sananne ne, yana da farko yana da ƙarshe, kuma a ƙarshen akwai shayi. Amma bai yi ba. Ya ce, "Ashe haƙorin ya warke," ya sauka yana dafa bango.

Ran nan da aka idar da la'asar, tire bai fito ba. Washegari ma haka. Si Bu'azza ya zauna a mazauninsa, hannun jallabiya a sauke, yana kallon talabijin da ba a kunna sautinta ba. Lalla Zuhur ta ce bari ita ta dafa, ya ce ta dafa mana, gidan ai na kowa ne, kowa ma ya sayi igiyarsa. Ba ta dafa ba. Maƙwabcin da ya saba leƙowa da yamma ya shigo, ya ga babu tire, ya rage murya ya tambayi wanda ya rasu.

Gizlan ta zauna da maɓallanta ta kasa ƙulla ko ɗaya daidai. Ta buga wa Lubna waya.

"Ki ba shi sarari ya ji abin da yake ji," in ji Lubna. "Maza na wancan zamanin suna ɗaure darajarsu a jikin abubuwa."

"Lubna, mutumin ya daina cin zaitun."

"Ki numfasa ta ciki."

Gizlan ta kashe wayar. Ta numfasa ta inda ta saba.

Da yammar ranar ta sami babanta a tsakar gida, yana goge tiren da ba ya amfani da shi. Ta ɗauko kujera ta zauna kusa da shi, amma ta fuskanci bango, don maganar ba ta ido da ido ba ce. Shi ma ya ci gaba da fuskantar tire.

"Baba, ka taɓa lura da haɓata?"

Tsumma ya tsaya. "Tun bara."

"Ba ka ce komai ba."

"Na ɗauka gado ne daga dangin uwarki. Kakarta har tajewa take yi."

Daga kicin aka ji tukunya ta bugi tukunya.

"Ba gado ba ne. Na je wajen likita. Likitar mata." Ta ji kunnuwanta sun ɗau zafi, amma ta riga ta hau, sai sauka. "Akwai abin da bai daidaita ba a cikina. Na mata ne. Ta ba ni ƙwayoyi, ta ce in bar sukari. Na'a-na'ar da ka gani a soro, ita kaɗai nake sha, ba sukari, wai tana rage gashin."

Si Bu'azza ya goge wuri ɗaya a tiren har ya fara ƙara. Wuyansa ya yi ja. Gizlan ta ga ya kalli ƙofa, ta san yana neman abin dubawa a waje. Bai tashi ba.

"Ana mutuwa?"

"A'a."

"Ana yanka mutum?"

"A'a."

Ya ci gaba da guga. Sannan ya tambayi tiren, ba ita ba: "Mutum yakan ga jikoki?"

"Ta ce da yawa suna haihuwa. Amma sai an fara samun miji, Baba."

"Wannan ba gaggawa." Ya juya tiren ya fara goge bayansa. "Wato ba hannuna ba ne."

"Ba hannunka ba ne."

"Shayin bai canza ba."

"Har ranar da ka fara zuba rabin dunƙule, bai canza ba."

"Kuma duk sukarin nan da na ƙara..." Bai ƙarasa ba. Ya ajiye tsumman, ya zauna da hannuwa a gwiwa. Gizlan ba ta taɓa ganin babanta ya rasa bayani ba, kuma ba ta so ganin ba.

"Ba ka sani ba ne," in ji ta.

"Da an gaya min."

"Wa zai gaya maka? Kai da kake gudun talla."

Lalla Zuhur ta leƙo daga kicin. "Akwai wadda ke bin wani bashin ban haƙuri a kan sabulu."

"Ana maganar lafiya, Zuhur." Ya miƙe, ya naɗe hannun jallabiya ɗaya, sannan ɗayan. "Je ki kawo min kwalin nan."

Ta kawo. Ya yaga jaka ɗaya ya zazzage a tafin hannu, ya shinshina, ya murza da yatsa.

"Wannan ƙurar share gona ce. 'Yata ba ta da lafiya, a Maknas, kuma ana ba ta ƙura a jaka. Wa ya kawo?"

"Lubna."

"Na sani. Tambaya ce kawai."

Ya shiga ɗaki ya buɗe kabad ɗin kayan baƙi, ya fito da wata 'yar ƙaramar buta da aka ba su kyauta ba a taɓa amfani da ita ba. Ya ɗauraye ta da ruwan zafi. Ya zauna da damin na'a-na'a yana zaɓe reshe-reshe, ya cika butar har wuya, ya zuba tafasasshen ruwa. Hannunsa ya tafi wajen 'yar guduma da kansa, ya dawo da shi.

Sai tsiyaya. Ya ɗaga hannu ya zuba, kumfa ta taso ta mutu nan take. Ya mayar a buta ya ƙara tsawo. Ta sake mutuwa. Ya miƙe tsaye ya zuba daga wajen kafaɗarsa, ya jiƙa tire da gefen darduma.

"Baba, ba ta tsayawa in babu sukari."

"Ba ta saba ba ne."

Da ya gaji ya cika kofi biyu, ya tura mata ɗaya, ya ɗauki ɗaya.

"Kai ba sai ka sha ba," in ji Gizlan. "Gemunka ba ya damun kowa."

"A tirena mutum ba ya shan shayi shi kaɗai."

Ya kurɓa. Gizlan ta ga abin ya sauka a fuskarsa daga goshi zuwa haɓa. Idonsa ya kawo ruwa. Ya haɗiye kamar mai haɗiye maɓalli.

"Sau nawa a rana?"

"Biyu."

"Har yaushe?"

"Ba ta faɗa ba."

"Wannan likitar, tana da iyaye?"

Gizlan ta sha nata. Ɗanyen ganyen ya fi na jaka nesa ba kusa ba, har ma akwai ɗan daɗi a ƙarshensa, amma ba ta faɗa ba, don kada bayani ya ƙaru. Ta shanye tas ta kife kofin a tire yadda zai gani. Ya gani. Ya gyara zama.

"Asalin shayi ke nan," in ji shi, murya a shaƙe. "Mutanen dauri haka suke sha. Sai wanda ya san ganye yake iya wannan. Zuhur, zo ki ɗanɗana, ki ƙaru."

"Na ƙoshi," in ji Lalla Zuhur daga kicin. "Ku masu gemu ku sha."

Da maƙwabcin ya leƙo washegari ya tarar da buta biyu a tire, babba da ƙarama, ya tambayi ta mece ce ƙaramar. Gizlan ta sunkuyar da kai kan maɓallanta tana jira. Si Bu'azza ya ce wani salo ne da ya daɗe yana nazari, ba kowane harshe ke gane shi ba, sai shi da 'yarsa. Maƙwabcin ya nemi ɗanɗano, ya kurɓa, ya tuna ya bar wani abu a wuta.

Gashin haɓa dai yana nan. Gizlan tana ganin kamar ya rage sauri, mamanta ta ce hasken madubin ne, likita ta ce a ci gaba da ƙwayoyi a gani. Da hantsi da bayan la'asar uba da 'ya suna zama gaban ƙaramar buta, ya zuba daga sama, kumfa ta ƙi, su sha. Kwanan nan Gizlan ta lura kafin ya ɗauki kofinsa yakan yi ɗan tari, ya kai hannu baki, daga nan kumatunsa na hagu ya ɗan kumbura daidai girman gutsuren sukari, bayaninsa kuma ya riƙa fita ta gefe ɗaya.

"Baba, me ya sami kumatunka?"

"Haƙori ne," in ji shi.